Bikin da aka ɗauko daga ƙauye aka kai fili gaban gwamna, har yanzu shi ne?

Bakano_Mai_Alli:
Salamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai na ce bari in fitar da shi. Na yi bautar ƙasa a ƙasar Zuru, ina koyarwa a wata makaranta can wajen Dabai, kuma a nan na fara ganin bikin Uhola na Dakarkari. Wani ɗalibina ne ya ja ni ƙauyensu bayan an gama girbin dawa. Babu rumfa, babu lasifika, babu mai cewa "muna jiran isowar babban baƙo". Da hantsi kawai na ji ganga ta ɗauka, samari suka fito jikinsu ya sha mai yana ƙyalli, tsofaffi na gindin bishiya ana kai musu ƙwarya. Ƙura ta tashi har ba ka ganin na gabanka. Abin da ban manta ba shi ne wata tsohuwa da ta riƙe hannun wani saurayi gam, tana guɗa tana hawaye a lokaci guda. Na tambaya, aka ce jikanta ne, ya gama golmo.

Bayan wasu shekaru na koma, wannan karon a cikin gari, a babban fili. Rumfuna, kujerun roba, manyan baƙi suka makara har rana ta take, sannan jawabi bayan jawabi. Da aka zo kan rawar sai aka ce kowace tawaga ta yi 'yan mintuna ta wuce. Masu rawar rumfar manya suke kallo, ba junansu ba.

Ni dai a ganina, duk bikin ƙananan ƙabilun nan da aka ɗauko daga ƙauye aka kai fili gaban gwamna ya riga ya mutu, gawarsa ake yi wa kwalliya. Wanda ya san abin fiye da ni ya gyara mini.

Ɗan_Dabai:
Malam, mun gode da ka zauna cikinmu har ka ga abin da idonka. Amma bari in fara da suna. Dakarkari ku kuka sa mana, ba mu ƙi ba, mun saba. Mu Lelna muke kiran kanmu, mutum ɗaya K'lela, harshenmu kuma C'lela.

Golmo da ka ji an ambata, noman aure ne. Saurayi da sa'o'insa za su haɗa ƙungiya su riƙa yi wa uban yarinyar da yake so noma, damina bayan damina, har shekara bakwai. Ba wai ka je ka ɗan taɓa ka dawo ba, tun asuba ne har rana ta faɗi, kuma in ka gaza gari duka zai ji. To ranar Uhola, bayan godiya ga Allah kan amfanin gona, ranar ce ake nuna waɗanda suka kai ƙarshen wannan wahala. Shi ya sa tsohuwar nan take kuka. Ta san abin da yaron ya sha.

Inda zan saɓa maka shi ne cewa ya mutu. Uhola biyu ne yanzu. Akwai na gari-gari da kowace ƙasa take yin nata a lokacinta, akwai kuma na masarauta da ake tara kowa wuri ɗaya. Kai na biyun ka gani ka yanke wa na farkon hukunci.

Maman_Ikram:
Shekara bakwai?! Innalillahi. Samarinmu da ke kukan akwatin lefe su zo su ji. Wallahi da za a kawo golmo Kano da an ga masu so na gaskiya.

Sani_Keke_Napep:
Hajiya ki rufa mana asiri. Ni ko kadada ɗaya aka ce in nome, na haƙura da yarinyar, Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Tsohon_Soja_Kaduna:
Dariya kuke yi, amma mu da muka yi aikin soja da mutanen Zuru mun san amfanin abin. Ba banza ba kusan kowace bataliya za ka sami ɗan Zuru a ciki. Akwai wani kofur da muka zauna bariki ɗaya, in ana tafiyar ƙafa mai nisa kowa na haki shi yana waƙa da yarensu. Na ce masa kai ba ka gajiya ne? Ya ce oga, wanda ya yi wa suruki noma shekara bakwai, wannan ai yawo ne. To ni tambayata ga Ɗan_Dabai, yaran yanzu suna yin golmon kuwa? Don in golmo ya tafi, me za a nuna ranar Uholar?

Ɗan_Dabai:
Baba, ka taɓo inda yake ciwo. Gaskiya ya ragu ƙwarai. Yaron da ke makaranta a Birnin Kebbi ko Sakkwato yaushe zai yi damina bakwai a gonar wani? Wasu kuɗi suke bayarwa a madadin noman, wasu kuma coci ko masallaci ya riga ya canza musu tsarin auren gaba ɗaya. A ƙauyuka na ciki ana yi har yanzu. Ni kaina ban yi ba, babana ya yi.

Bakano_Mai_Alli:
To ka ga abin da nake faɗa ke nan. An bar jini da tsoka an riƙe fata.

'Yar_Gworok:
Malam Bakano, sannu da ƙoƙari, amma ban yarda da kai ba ko kaɗan. Ni 'yar Kagoro ce a kudancin Kaduna, kuma bikinmu na Afan kowace ranar 1 ga Janairu ake yinsa. Kalmar afan dutse take nufi, wato dutsen nan da ya tsaya a kan garin, wanda kakanninmu suka zauna a kansa kafin a sauko ƙasa. Asalin bikin rufe kaka ne da buɗe farauta: a tsarkake dutsen, maharba su hau, su dawo gari a tarye su. A da ba a ranar sabuwar shekara ake yi ba. A zamanin marigayi Gwamna Awan (Gwamna sunansa ne, ba muƙami ba), wanda ya hau sarautar Kagoro a 1945 ya riƙe ta har rasuwarsa a 2008, aka tsayar da shi a wannan rana. Ka ga ke nan an taɓa bikin, an sauya masa lokaci, an shigo da addu'ar coci, an kawo 'yan makaranta da ƙungiyoyin mata suna maci.

In da maganarka gaskiya ce da tuni ya mutu. Amma zo ka gani. Ranar ce ɗan Kagoro da ke Legas da na Fatakwal da na Ingila suke dawowa gida. Yayana yana aiki a Abuja, 'ya'yansa ba sa jin yarenmu sai gaisuwa. Bara ƙaraminsu ya ga maharba sun shigo fili da baka da kwari, ana busa ƙaho, ya kama zanen kakarsa yana tambaya su wane ne waɗannan, me ya sa suka sa fata. Daren nan ba ta yi barci da wuri ba, labari take ba shi. In ba don filin da kake rainawa ba, a ina yaron nan zai gan su? Dutsen zai hau?

Bakano_Mai_Alli:
Anti, ban raina ba. Amma maharban da ya gani, farauta suka je ko kayan farauta suka sa?

'Yar_Gworok:
Su mahayan Hawan Daushe da ke sa sulke da lifidi, yaƙi suka je?

Sani_Keke_Napep:
Kai! Malam, a nan dai an kama ka. Sha ruwa ka dawo.

Abu_Sumayya:
Ni abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda Musulmi zai zauna yana jimamin mutuwar irin waɗannan abubuwa. Mu faɗa wa juna gaskiya, yawancin bukukuwan nan asalinsu tsafi ne: yanka ga dutse, yanka ga ruwa, dodanni, ga burkutu kamar ruwan sama, ga cakuɗuwar maza da mata. In sun mutu ai ci gaba aka samu. Malam Bakano, ka je ka tsaya cikin arna suna shan giya, yanzu kuma kana kukan an rage abin?

Mai_Kula_Da_Zaure:
Abu_Sumayya, ra'ayinka naka ne kuma kana da damar faɗinsa, amma kalmar nan da ka yi amfani da ita ba ma son ta a nan. Akwai Kiristoci da Musulmi 'yan waɗannan ƙabilu a cikin zauren. A kiyaye.

Ɗan_Dabai:
Don dai ka sani, ɗan'uwa, ni Musulmi ne, sunan babana ma na Annabi ne. Ƙanwar babata Kirista ce, kakanmu kuma ya rasu a kan addinin gargajiya. Ranar biki tukunya ɗaya muke ci. Mai shan burkutu ya san rumfarsa, mai shan kunu ya san tasa.

Malam_Na_Ƙofar_Mata:
Abu_Sumayya, Allah ya saka da alheri kan kishin addini. Abin da yake shirka shirka ne, babu mai ja. Yanka don wanin Allah bai halatta ga Musulmi ba, ko a Zuru ko a Kano. Sai dai a riƙa rarrabewa. Kokawa ba shirka ba ce. Godiya kan amfanin gona ba shirka ba ce. Sada zumunci kuwa umarni ne.

Sannan kafin mu nuna wa wasu yatsa mu dubi gidanmu. Mu Kanawa ranar Takutaha ina muke hawa? Dutsen Dala. Wa ya riga mu hawan Dala? Barbushe, mai yi wa Tsumburbura hidima, wanda tarihin Kano ya ce yakan shiga wurinta ya fito ya faɗa wa mutane abin da shekara za ta zo da shi. Yau yaran da ke hawa dutsen murnar Mauludi suke yi, ba wanda ya san wata Tsumburbura a zuciyarsa. Dutsen bai canza ba, niyyar ce ta canza. In mun yarda da wannan ga kanmu, me zai hana mu yarda da shi ga mutanen Kagoro da nasu dutsen?

Abu_Sumayya:
Allah ya gafarta Malam, ai ita ma Takutahar akwai malaman da ba su yarda da ita ba. Kafa hujja da ita bai warware komai ba. Kalmar da na faɗa kuma na janye, ban yi don cin zarafi ba, a bakinmu muka tashi da ita.

Bakabe_Na_Matan_Fada:
Ku dakata in ba ku misali da namu, ko da yake mu Kabawa ba ƙaramar ƙabila muke ba. Bikin kamun kihi na Argungu da duniya ta sani, a 1934 anka fara shi a wannan siffa, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara bayan dogon gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. Wato tun ranar farko don babban baƙo anka shirya shi! Kahin nan akwai abubuwan da masunta ka yi tsakaninsu, irin su gyaran ruwa da fashin ruwa, Sarkin Ruwa na gaba. Sai anka ɗauko wannan anka yi mai riga. Yau shekara nawa? Har UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016. Kuma duk wanda ya taɓa tsayawa bakin kogin Matan Fada ya ga dubban mutane sun ruga cikin ruwa da homa da gora lokaci guda, ba ya cewa gawa ya gani.

Abin da na yarda da Malam Bakano a kai guda ne. Da bikin ya koma hannun gwamnati, sai ya zamana in gwamnati ba ta tashi ba, ba a yi. Mun yi kusan shekara goma ba a yi ba sai a 2020 anka dawo da shi. Kakanninmu ba su taɓa jiran kasafin kuɗi ba kahin su shiga ruwa.

Bakano_Mai_Alli:
Yawwa! Wannan magana ta ƙarshe ita nake nema na kasa faɗa. Bikin da sai an sa hannu a takarda kafin a yi shi, na wa ne?

Gyang_Na_Bukuru:
Bari in shigo da na Filato. Mu Birom muna da Nzem Berom, kuma ba ma ɓoyewa, haɗa shi aka yi a farkon shekarun 1980. Kafin nan kowane yanki da nasa: Mandyeng na tarar damina, da Nshok, da Badu. Dattawa suka ga coci da makaranta da aikin kuza sun watsa mutane, in ba a yi dabara ba duk za su bi ruwa. Sai aka tattara su a biki ɗaya a Jos, wajen watan Afrilu zuwa Mayu, gaban sarkinmu, Gbong Gwom. To wannan ai a fili aka haife shi, ba daga ƙauye aka sato shi ba.

Amfaninsa? Ni na girma a Bukuru, Hausa na fi ji fiye da yarenmu, kamar yadda kuke gani. A wurin Nzem na fara ganin ana kaɗa kundung, abin kiɗan nan na katako da ake jera ƙahonin shanu a ƙarƙashinsa. Na tsaya kusa da mai kaɗawa har ya gama, na bi shi na ce ya koya mini. Yanzu ina kaɗawa a coci. Ƙanwata kuma a can ta koyi yadda ake gwaten acca irin na tsofaffi, ba irin na gidan abinci ba.

Amma kar in yi ƙarya, shekarar zaɓe abin haushi ne. Kowane ɗan takara da tawagarsa da hulunansa, masu rawa su tsaya cikin rana suna jiran a gama yabon wanda ko gaisuwa bai iya da yaren ba.

Hadiza_Tudun_Wada:
Ni tun ɗazu kalmar "ƙananan ƙabilu" ce take damuna. Wa ya auna? Birom ƙanana ne a Jos? Bachama ƙanana ne a Numan? Bahaushen da ke zaune a Sabon Zongo a Accra shi ma ai ƙaramar ƙabila ne a can, in ya yi hawan salla su ma kallon baƙon abu suke masa.

'Yar_Gworok:
Allah ya yi miki albarka, Hadiza. Kuma a ƙara da sunaye. Bajju ne ba Kaje ba. Atyap ne ba Katab ba. Ham ne, ko da yake kowa Jaba yake cewa, kuma bikinsu Tuk Ham a Kwoi ake yi wajen lokacin Ista. A ƙasarsu ƙauyen Nok yake, inda aka tono gumakan yumɓun nan da suka haura shekara dubu biyu. Mutanen da ke zaune a kan irin wannan tarihi a ce musu ƙanana?

Bakano_Mai_Alli:
Na karɓi gyara. Yawa nake nufi ba daraja ba, amma na ga yadda take sauka a kunne. Wace kalma za mu sa a madadinta?

Sani_Keke_Napep:
Ka ce "'yan'uwanmu da ba su kai mu surutu ba".

Illa_Ɗan_Tawa:
Salamu alaikum mutanen Najeriya, ku ba mu wuri mu ma mu sa baki daga Nijar. Ni direba ne, na yi shekaru ina ɗaukar anasaru masu yawon buɗe ido zuwa Ingal, yamma da Agadas, lokacin bikin lasar gishiri da ake ce ma Cure Salée, wajen watan Satumba in damana ta ja baya. Asalin abin ba biki ba ne, makiyaya ne, Abzinawa da Fulani, ka kai bisashensu su sha ruwan gishiri su ci ciyawar wurin. In an haɗu kuwa dole a yi aure, a yi suna, a yi tseren raƙuma. Daga baya gwamnati ta sa tuta da rumfa da ministoci.

Abin da Malam Bakano ya faɗa na gan shi da idona a Gerewol na Wodaɓe. Na gaskiyar a daji ake yi, dangi biyu su yi alkawali su haɗu inda ruwa da ciyawa suke. Na taɓa kwana wurinsu. Tun rana tsaka saurayi zai zauna da ɗan madubinsa a tafin hannu, ya shafe fuska da jar ƙasa ko rawaya, ya ja farin layi tun daga goshi har haɓa don hanci ya ƙara tsawo, ya baƙanta leɓe don haƙora su fito, ya kafa gashin jimina a rawani. Sa'annan su jeru kafaɗa da kafaɗa, suna ɗaga dunduniya suna sauka, suna zare ido suna yaƙe haƙora, waƙa ɗaya ba yankewa har ka ji kanka na juyawa. Su yi ta yi har dare ya raba. Can sai 'yan mata ukku su taho a hankali, kai sunkuye, ko wacce ta nuna wanda ta zaɓa da hannu kamar ba ta so. Ba tafi, ba sanarwa. Wanda bai lura ba ma bai san an gama ba.

Na wajen rumfa kuwa, minti ashirin ne. An ce su yi, sun yi, an ɗauki hoto, an miƙa jika biyu ko ukku, an watse. Har wani saurayi ya taɓa tambayata ko anasaran sun fi son jan fenti ko rawaya, don ya san wanda zai shafa. Ranar nan jikina ya yi sanyi.

Jauro_Mayo_Belwa:
Illa, ka burge ni da ka ce Wodaɓe ba ka ce Bororo ba, su ma ba sa son sunan nan. Amma kar ka ga laifin yaron. Fari ya cinye shanun ubansa, burtali ya zama gona, in rawar da ya gada za ta saya masa buhun hatsi, ni ban ga aibu ba. Mu ma sharo haka ya koma. A da yaro yana tsayawa a zuba masa bulala a haƙarƙari, yana riƙe da madubi yana murmushi don kar a ga fuskarsa ta motsa, saboda yarinyar da yake so tana cikin taron. Yanzu wurare da yawa an hana, wasu don rauni da faɗan da ke biyo baya, wasu don wa'azi. Inda ya rage kuma sai ka ga ranar salla ake kiran su gaban fada su ɗan taɓa.

Illa_Ɗan_Tawa:
Ban ga laifinai ba, Jauro, tausayi ya ba ni. Kuma yanzu ma anasaran sun ɗauke ƙafa saboda rashin tsaro, ko jikan biyun babu. Amma ka san wani abu? Bianu na Agadas bai taɓa dogara da baƙo ba. Watan Muharram in ya kama, gari ya rabu gabas da yamma, samari su sha rawani da shuni, a fita bayan gari a kwana, da safe a shigo da ganyen dabino ana kiɗa ana rawa har ƙofar Sarkin Abzin. Ko mai kyamara ya zo ko bai zo ba, za a yi. Ina ga abin dubawa ke nan: in baƙi ba su zo ba, ana yi ko ba a yi?

Maman_Ikram:
Wannan ma'auni ya yi. To a gwada shi a kan namu. Kalankuwa fa? Kakata 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Bichi, ta ce bayan kaka samari da 'yan mata sukan naɗa sarakunansu na wasa, a yi kwana da kwanaki ana kiɗa. Ni ban taɓa gani ba sai a makaranta ranar al'adu. Ba gwamna ne ya kashe ta ba, ba baƙo ba ne, mu muka bari. Su da muke tausaya wa sun fi mu riƙo.

Ladi_Mai_Masa:
Ku kuna ta maganar mutuwa da rayuwa, ni maganar ciniki zan yi. Daga Kafanchan nake zuwa Kagoro duk ranar Afan tun ina goyon 'yata ta fari, yanzu tana aji uku a sakandare. Ƙarfe huɗu na asuba nake hura wuta. Kafin azahar na juye ƙullu roba uku, abin da a ranar kasuwa sai in kwana biyu ban sayar ba. Masu acaba, masu ɗinki, masu gidan kwana, mai sayar da ruwan leda, kowa yana samu. Kuɗin makarantar zango na biyu daga nan yake fita. Shekarun da aka taƙaita bikin saboda hare-hare, mu muka san abin da muka ji a jikinmu. Don haka in gawa ce, Malam, to gawar nan tana ciyar da mu.

Tsohon_Soja_Kaduna:
Ladi ta kawo maganar da ta fi duka. Kuna ta faɗa kan rumfa da kujera, alhali abin da ke kashe biki yanzu bindiga ce. Ƙasar Zuru da aka fara magana a kanta, ku tambayi mutanen Danko-Wasagu da Sakaba ƙauyuka nawa suka tashi. Wanda ya kwana a daji yana gudun 'yan bindiga, gonar ma bai noma ba, godiyar girbin me zai yi? Ku dubi Sukur a Madagali, wurin da UNESCO ta fara sa wa hannu a duk Najeriya a 1999, a kan dutse, da fadar Hidi, wato sarkinsu, da hanyoyin da aka shimfiɗa da duwatsu. Boko Haram sun hau har can a 2014 sun yi ɓarna. Wannan ba jawabin gwamna ne ya yi shi ba.

Ɗan_Dabai:
Gaskiya ne Baba. Kuma shi ya sa na ce wa Malam kar ya yi saurin yanke hukunci. A al'adarmu ma ba kowace shekara ake Uhola ba, in gari na cikin makoki ko annoba akan ɗage. Yanzu akwai mutanen da ƙauyensu babu kowa, suna zaune a Zuru gidan dangi. In an yi na filin, nan ne kaɗai za su ji gangar garinsu. Na ga wani dattijo da aka kira sunan ƙauyensu a lasifika, tawagar ba ta fi mutum goma ba, ya tashi da sandarsa ya shiga cikinsu. 'Yan mintunan da Malam Bakano yake rainawa, shi bai raina ba.

Bakano_Mai_Alli:
Jama'a na sha gyara, kuma na gode. Kalmar gawa na janye ta, ta yi nauyi, musamman bayan abin da Ɗan_Dabai da Ladi suka faɗa. Amma ban sauka gaba ɗaya ba. Har yanzu ina ganin akwai bambanci tsakanin tsohuwar da ta riƙe hannun jikanta da mai rawar da ke kallon rumfa ko za a yi masa liƙi. Anti 'Yar_Gworok, tambayarki ta Hawan Daushe ta hana ni barci jiya. Amsar da na samu ita ce, mu ma namu ya zama kallo, mun dai saba ne.

'Yar_Gworok:
To ai ba a gardama a nan. Ni dai ban yarda kallo abin kunya ba ne. Ka zo Kagoro 1 ga Janairu, amma kar ka tsaya a fili. Ka iso tun jajibere, in sa yayana ya zaga da kai unguwanni da dare, ka ga abin da ba a kawowa gaban rumfa.

Abu_Sumayya:
Ni dai ina nan kan bakata game da yanka da dodanni. Sauran kuma Malam na Ƙofar Mata ya yi bayani, zan ƙara bincike.

Gyang_Na_Bukuru:
Illa, ma'auninka na "in baƙi ba su zo ba" yana da matsala fa. A Nzem, baƙin ai mu ne, 'ya'yan gidan da suka tashi a birni.

Sani_Keke_Napep:
Anti, gayyatar Malam kaɗai ce ko har da mu? In da mu, daga Kano ta Saminaka ake bi ko ta Kachiya ta fi? Sannan Ladi, a ajiye mini masa ta ɗari biyar, mai yaji a gefe.

Ladi_Mai_Masa:
Ta ɗari biyar yanzu guda nawa ce, Sani? Ka taho da dubu biyu, kuma ka iso kafin ƙarfe goma.